Yadda Ake Daidaita Tayoyin Gaba da na Baya a Tarakta Mai Ja da Ƙafa Huɗu

A Maradi sayen tayar tarakta yakan zo ne a gaggauce. Ruwan shuka ya sauka, masu gonaki tun daga Tibiri har Madarunfa sun ba da kuɗin haya suna jiran layi, sai kututture ya yage tayar gaba. Maigida ya tura yaro kasuwa, ko ya buga waya Katsina ko Kano a aiko da duk wadda ta samu. Mai shago ya duba ya ce, "Alhaji, ai wannan ma ashirin da huɗu ce, har ta fi taka kauri." A ɗaura ta a koma gona. Idan taraktar da ƙafafun baya kaɗai take ja, ɓarnar ba ta da yawa, don tayar gaba bin hanya kawai take yi. Amma idan kat-kat ce, mai ja da ƙafa huɗu, wannan tayar da aka ce ta shiga tana iya cinye aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba da giyoyin da ke juya su, kuma kuɗin gyaransa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Ga dalili. Tayoyin gaba ƙanana ne, na baya manya. Kafin su ci tazara ɗaya dole ƙananan su fi yawan juyi. Kamfanin da ya ƙera taraktar ya riga ya yanke wannan rabo da haƙoran giya: daga akwatin giya akwai sandar ƙarfe da ke kai ƙarfi aksil ɗin gaba, kuma da zarar an sa kat-kat gaba da baya sun ƙulle da juna. A yawancin taraktocin da ke yawo a gonakinmu, duk juyi 1 da tayar baya ta yi, ta gaba tana yin tsakanin 1.2 da 1.5. Wannan rabon juyi ba ya canzawa sai an canza giya, kuma babu abin da ke sassautawa tsakanin gaba da baya. In girman tayoyin bai dace da shi ba, ko dai taya ta riƙa zamewa a ƙasa, ko ƙarfe ya ɗauki wahalar. Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san abin: sa biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya, wannan mai dogon taku, wancan mai gajere, ɗaya na ja ɗaya na turjiya, da yamma wuyansu duka ya yi ciwo.

Ba a kuma so gaba da baya su zo daidai wa daida. Ana so gaba ta ɗan rinjayi baya, ta riƙa jan taraktar kaɗan. Masu ƙera tarakta da masu ƙera taya sun fi ba da shawarar rinjayen ya tsaya tsakanin kashi 1 da kashi 5 cikin 100, kuma kashi 2 zuwa 3 ya fi daɗin aiki. In taraktar na kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya nisan zagaye, saboda haka suna buƙatar wannan ɗan ƙari. A nan yankin abin ya fi muhimmanci, don tun da sassaben zamani, wato barin itatuwa su tofo a gona ana kula da su, ya cika gonakin Aguie da Tasawa da gawo da kalgo da sabara, direba ba ya tafiya mai nisa bai kauce wa itace ba. Bayan haka tayar gaba ta fi saurin cinyewa, to rinjayen da kansa raguwa yake yi shekara bayan shekara.

In rinjayen ya wuce kashi 5, gaba tana gudu baya na riƙe ta: haƙoran tayar gaba su goge da wuri, gazuwal ya ƙone a banza. In ya faɗi ƙasa da sifiri, baya ce ke tura gaba, gaba kuma ta zama birki. Wannan ya fi muni. Sitiyari ya yi nauyi, taraktar ta ƙi kwana a ƙaramin wuri, giyoyin aksil su riƙa ɗaukar ƙarfi ta gefen da ba a yi su don shi ba. Abin da ke ɓoye laifin a wajenmu shi ne jigawa. Rairayi yana barin taya ta zame ba tare da ƙara ba, sai mai tarakta ya ɗauka lafiya lau. Ranar da aka shiga busasshiyar fadamar Gulbin Maradi, ko filayen Jiratawa, ko aka hau burji da tirela cike da taki, ranar ce ƙasa ke ƙin sakin taya, ƙarfin ya koma kan ƙarfe.

Fara da karanta jikin taya

Ka wanke gefen tayoyin huɗu da ruwa, ka rubuta duk abin da ke jiki a takarda. Kada ka karanta ɗaya ka ce sauran ma haka suke. Sau da yawa hagu da dama ba kamfani ɗaya ba ne.

Rubutun iri biyu ne. Tsohon salo kamar 16.9-30 yana nufin faɗin tayar inci 16.9, jantin da take zama a kai kuma inci 30. Ɗan layin da ke tsakani yana nuna taya ce mai zaren gicciye, wadda aka fi samu a kasuwanninmu. In an sa R a wurin, kamar 16.9R30, radiyal ce, wato wadda zaren cikinta ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan ba tare da gicciye ba. Sabon salo kamar 420/85R30 yana nufin faɗi milimita 420, tsayin gefen tayar kashi 85 cikin 100 na faɗin, janti inci 30. Wannan da 16.9R30 girma ɗaya ne. Haka 11.2R24 ita ce 280/85R24, 12.4R24 ita ce 320/85R24, 13.6R24 ita ce 340/85R24, 18.4R34 kuma ita ce 460/85R34.

A nan ne maganar mai shago ke ruɗin mutane. Lambar ƙarshe ta janti ce kawai. Taya 9.5-24 da 11.2-24 da 12.4-24 duk "ashirin da huɗu" ne, amma a tsohon salo duk yadda faɗi ya ƙaru tsayi ma ƙaruwa yake yi. Ka jera su uku a jikin bango za ka ga kowace ta ɗara ƴar'uwarta. In faɗi kake so don rairayi ba tare da ka taɓa tsayi ba, akwai hanyarsa: 480/70R30 ta fi 16.9R30 faɗi amma tsayinsu kusan ɗaya ne, haka 360/70R24 da 12.4R24. Sai dai ka tabbata faɗin jantinka zai ɗauke ta. Shi ma an buga lambarsa a jikin ƙarfen, kamar W10x24 ko W15Lx30.

Daga nan ka nemi girman da taraktar ta fito da shi daga kamfani. Littafinta ne ya fi gaskiya, in yana nan. Wasu haɗe-haɗe sun shahara: 9.5-24 a gaba da 16.9-28 a baya a taraktocin Indiya da yawa, 11.2-24 da 16.9-30, 12.4-24 da 18.4-30 kamar a Massey Ferguson 385 mai kat-kat, 13.6-24 da 16.9-34, sai 14.9-24 da 18.4-34 a manya. Amma kada ka tsaya nan. Tarakta samfuri ɗaya tana iya fitowa da rabon juyi daban-daban gwargwadon ƙasar da aka kai ta. Ga kuma taraktocin hannu da suka ratsa garejoji da yawa kafin su iso Maradi, wasu an canza musu aksil ɗin gaba gaba ɗaya da na wata. Irin wannan littafi ba zai gaya maka gaskiyarta ba, sai awo.

Shirya taraktar kafin awo

Awo da iskar da ba daidai ba ɓata lokaci ne. Ka auna iska da sassafe kafin rana ta gasa roba, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ka yi amfani da ma'auni, ban da buga taya da ƙafa ko da sipana. Hagu da dama su zo ɗaya. Yawan iskar ya danganta da nauyin da tayar ke ɗauka, kuma kowane kamfani yana da jadawalinsa. A aikin gona tayoyin baya sukan zauna wajen kilo 1 zuwa 1.6, na gaba su ɗan fi haka. In ma'aunin mai faci na fam ne, kilo 1 kusan fam 14.5 ne. Masu faci da suka saba da manyan motoci hannunsu yana da nauyi, sukan cika tayar tarakta ta yi tauri kamar ta tirela. Ka tsaya a kansa lokacin da yake busawa.

Ka bar taraktar da nauyin da take aiki da shi: ƙarafan gaba in akwai, da haro ko garma a ɗage a baya. In ana zuba ruwa a tayoyin baya don ƙarin nauyi, a duba ko duka biyun suna da shi daidai. Ƙa'ida ita ce a juya bawul ya zo sama a cika ruwa zuwa bakinsa, wato kusan kashi 75 cikin 100, sauran iska.

Awon alli

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya cin ko dala. Kana buƙatar alli ko ɗan fenti, mutum uku, wayar da ke da kalkuleta, da fili miƙaƙƙe mai tauri wanda ya kai mita 60. Burji ko busasshiyar jar ƙasa sun fi kyau. Rairayi ba zai yi ba, don taya tana nutsewa tana zamewa, lissafin ya lalace.

Ka zaɓi gefe ɗaya, a ce hagu. Ka ja layi da alli a gefen tayar baya daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ja wani a tayar gaba shi ma daidai ƙasa. Sannan ka ƙirga haƙoran tayar gaba na gefen waje, zagaye guda, ka rubuta. Mu ɗauka 20 ne. Amfaninsu zai zo yanzu.

Tafiyar farko da kat-kat a sanye ake yin ta. Direba ya sa giya mafi ƙanƙanta, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka fedar da ke kulle ƙafafun baya, kada kuma ya taɓa birki. Mutum ɗaya ya bi tayar baya yana ƙirga duk lokacin da alli ya dawo ƙasa, ɗaya ya bi ta gaba. Su yi tafiyarsu a gefe, taku biyu ko uku daga taraktar, kada kowa ya shiga tsakanin tayoyin, kuma a kori yara daga wurin tun kafin a tayar da inji. Mai ƙirgan baya ya riƙa faɗa da ƙarfi. In ya kai tara ya ɗaga hannu direba ya shirya, a na goma a tsaya daidai lokacin da alli ya zo ƙasa. In an ɗan wuce, a sake tafiyar, kada a ja da baya don gyarawa.

Yanzu ka je wajen tayar gaba. Mai ƙirga zai ce maka ta yi cikakken juyi 13, amma allinta bai tsaya a ƙasa ba, ya wuce. Ka durƙusa ka ƙirga haƙora nawa ne suka taɓa ƙasa bayan allin ya wuce. A ce 16 ne. Haƙora 16 cikin 20 shi ne 0.8, to tayar gaba ta yi juyi 13.8. Ka raba da 10: rabon juyin taraktarka 1.38 ne. Wannan lamba ta giya ce, ko wace taya ka ɗaura haka za ta fito. Ka rubuta ta da fenti a cikin murfin akwatin kayan aiki, don za ka neme ta duk lokacin da za ka sayi taya.

Tafiya ta biyu a cire kat-kat. A goge tsohon alli a ja sabo, a sake juyi 10 na baya a wannan filin. Yanzu tayar gaba ba giya ke juya ta ba, ƙasa ce, saboda haka za ta yi iya juyin da girmanta ya ba ta. A ce ta yi 13 da haƙora 10, wato 13.5. A nan akwai abin lura: taraktocin zamani da ake sa musu kat-kat da maɓalli, da yawansu suna sa shi da kansu in an taka birki biyu, wasu kuma in inji a kashe yake kat-kat a sanye yake zama. Don haka kada a ja taraktar da wata motar a ce an cire. A tayar da inji, a kashe maɓallin, a tabbata fitilarsa ta mutu, a tsaya da kuloci in filin ya ba da dama.

Lissafin gajere ne. Ka cire na biyu daga na farko: 13.8 a cire 13.5, saura 0.3. Ka raba 0.3 da 13.5, ka ninka da 100. Ya ba ka 2.2. Gaba ta rinjayi baya da kashi 2.2 cikin 100, wannan tarakta lafiyarta ƙalau. Da a ce tafiya ta biyu ce ta fi ta farko yawa, to gaba tana ja da baya ke nan, sai a nemi gyara. Kuskuren haƙori ɗaya a ƙirga yana sauya amsar da kusan kashi 0.4, shi ya sa nake ganin ya dace a yi kowace tafiya sau uku a ɗauki tsaka-tsaki. Rabin awa ya isa duka.

Tunda kuna filin, ka ƙara awo ɗaya. Da kat-kat a cire, ka sa alama a ƙasa inda allin tayar baya ya fara, ka sa wata inda ya cika juyi 10, ka auna tsakaninsu da mita ka raba da 10. Abin da ya fito shi ne tazarar da tayar ke ci a juyi guda tana ɗauke da nauyi. Ga 16.9-30 mai sauran haƙora za ka samu wajen mita 4.4, wato milimita 4,400.

Lissafin da za ka je kasuwa da shi

Da lambobi biyun nan a hannu, 1.38 da 4,400, ka san tayar gaban da kake nema tun kafin ka bar gida. Ka raba 4,400 da 1.38, ka samu kusan 3,190. Tayar gaban da ke cin wannan tazara a juyi guda ita ce za ta zo daidai da baya, babu rinjaye. Ka ƙara kashi 1, ya zama 3,220. Ka ƙara kashi 5, ya zama 3,350. Duk tayar da ta faɗa tsakanin waɗannan biyun taka ce.

Mu gwada ukun da ke jingine a bango. Sabuwar 11.2-24 tana cin wajen 3,250: a ninka da 1.38 ya ba da 4,485, ya ɗara 4,400 da 85, rinjaye kusan kashi 2. Ta dace. Ita 12.4-24 da aka yabi kaurinta tana cin wajen 3,450, rinjayenta ya haura kashi 8. Ma'anarsa a duk kilomita ɗaya da aka yi da kat-kat, tayoyin gaba sun goge ƙasa na mita 80 a banza. Ita kuwa 9.5-24, mai sauƙin kuɗi, tana cin wajen 3,100, ta faɗi kusan kashi 3 ƙasa da sifiri. Duka ukun za a iya cusa su a janti inci 24, ɗaya ce kaɗai ta taraktar.

Waɗannan lambobi na kusa-kusa ne, kuma nan ne wani tarkon yake. Taya biyu masu rubutu ɗaya daga kamfani biyu ba dole su ci tazara ɗaya ba, kuma bambancin kan isa ya fitar da kai daga iyaka. Manyan kamfanoni irin su Michelin da BKT suna buga wannan tazara a jadawalin kowace taya, ana samunsa a intanet da lambar tayar. Tayoyin da ba a san kamfaninsu ba kuwa sai dai awo. Zagaya mita a jikin tayar da ke kwance a shago ba ya ba da amsa, don ba ta kan janti, ba iska, ba nauyi. Abin da ya fi shi ne ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya: "Malam, zan ɗaura yau in auna. In ba ta dace ba zan dawo maka da ita da yamma ka canza mini." Wanda ya san kayansa ba ya ƙin wannan sharaɗi. Ka kuma cika alkawari, ka yi awon a ranar, kafin tayar ta shiga gona.

Cinyewar haƙora ma tana cikin lissafi, kuma ita aka fi mantawa. Duk santimita 1 da haƙori ya rage, zagayen taya ya ragu da fiye da santimita 6. A ƙaramar tayar gaba wannan kusan kashi 2 ne. Ka ɗauki taraktar misalinmu. In tayoyin gaba sun cinye santimita 1.5 sannan ka sa sababbi a baya kaɗai, rinjayen ya sauko zuwa kashi 1 ƙasa da sifiri, alhali duk lambobin da ke jiki daidai suke. In kuma na baya ne suka cinye santimita 2 ka sa sababbi a gaba, ya hau kusan kashi 5, bakin iyaka. Canza huɗu a lokaci guda shi ya fi, amma kowa ya san ba kowace shekara aljihu ke ɗaukar haka ba. To a kalla a canza biyu-biyu, hagu da dama tare, kuma a sake awon alli duk lokacin da aka taɓa ko da aksil ɗaya ne.

Kada a haɗa radiyal da mai zaren gicciye a aksil ɗaya, ko kusa. Haɗa su gaba da baya ma ba a so, don yadda suke lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi ya bambanta. Radiyal ta fi shimfiɗa ƙafa a rairayi, ta fi riƙe ƙasa, amma gefenta ya fi taushi. A gonar da kututturan sabara da ƙayar aduwa suka yi yawa, ni na fi natsuwa da mai zaren gicciye mai kauri, 8PR zuwa sama (PR lambar ƙarfin zaren taya ce da ake rubutawa a jikinta), kuma mai facin ƙauye ya fi sanin hannunta. Ka duba lambar nauyi in akwai: 140A8 na nufin kilo 2,500 a gudun da bai wuce kilomita 40 a awa ba. Tayar hannu kuwa ka buɗe tsakanin haƙoranta da yatsa ka duba tsagewar rana, ka leƙa cikinta ko an yi mata babban faci, ka auna tsayin haƙoran biyun da za ka haɗa.

Wurin ɗaurawa

Ka tsaya a gaban mai faci ka duba alkibla. A gefen tayar akwai kibiya mai nuna inda take juyawa. In ta goge, ka dubi saman tayar: tsinin da haƙoran suka haɗu ya kalli gaban taraktar, gaba da baya duka. In aka juya ta, laka ba ta fita daga tsakanin haƙora. Lokacin busa iska don bakin tayar ya zauna a janti, kowa ya matsa gefe, kada a tsaya a kanta, kada kuma a wuce iyakar da aka rubuta a jiki. In an gama a sauke iskar zuwa ta aiki. A ɗaure notoci a gicciye, a sake bin su bayan aikin yini ɗaya.

Sai a koma filin alli. In amsar ta fito tsakanin 1 da 5, shi ke nan. In ta kauce da ɗan kaɗan, iska tana iya taimakawa: ƙarin iska a gaba ko ragi a baya yana ɗaga rinjaye, akasin haka yana sauke shi. Amma ɗan gyara ne wannan, da wuya ya wuce kashi 1, kuma ba a fita daga jadawalin kamfani saboda shi. Wanda ya sauke iskar gaba sosai don ya ɓoye kashi 8 zai tsaga gefen taya, matsalar kuma tana nan.

In kuwa tsakiyar damina ce, tayar da ta dace ba ta samu ba, aiki kuma ba zai jira ba, to a ɗaura wadda ta samu amma a cire kat-kat gaba ɗaya, a rage zurfin haro, a guje wa fadama mai laka har ta ƙwarai ta iso. A gaya wa direba a fili, don shi ne zai ji taraktar na nishi a rairayi hannunsa ya kai ga libar.

Direban ne ma zai fara ganin alamun rashin daidaito in ya san su. Libar kat-kat ta ƙi fita sai an ɗan ja da baya, ko ta fita da ƙara kamar an saki abin da aka ɗaure. Taraktar tana tsalle-tsalle a ƙasa mai tauri. Haƙoran tayar gaba suna cinyewa a karkace, gefe ɗaya ya yi kaifi, ko da yake wannan kan zo kuma daga ƙafafun gaba da ba su kalli gaba daidai ba, saboda haka a sa bakanike ya duba saitinsu kafin a ɗora wa taya laifi. Bayan aikin awa ɗaya ya taɓa cibiyar ƙafar gaba da bayan hannu: ɗumi ba komai, zafin da hannu ba ya jurewa akwai magana. Kuma ko tayoyin sun dace sarai, da an fito daga gona za a hau kwalta, hanyar Ɗan Isa ce ko ta Gidan Rumji, a cire kat-kat.

Awon alli a mayar da shi na kowace shekara, cikin rani, lokacin da taraktar ke zaune kuma akwai sararin jiran taya daga nesa. A ranar ne kuma ya dace a kwance noton man cibiyoyin gaba da na tsakiyar aksil, a tara man a farin kwano a kai shi rana. Ɗan baƙi-baƙi ba abin damuwa ba ne. In an ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe ko ɓarɓashi, a buɗe cibiyar a duba giyoyin kafin a sayi ko wace taya, a zuba sabon mai irin wanda littafin taraktar ya ambata.